Arzikin Fadama Daga Tudu Yake Gangarowa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau ta ratsa Ƙaura Namoda ta nufi Shinkafi, idan mai lura ne, zai ga ƙasa tana sauya kama a gaban idonsa. A farkon tafiya akwai tuddai masu tsakuwa da marmara, da duwatsun da suka ɓullo jefi-jefi, waɗansu a kwance kamar faifai, waɗansu kuma curi-curi, wani bisa wani. Can kusa da Jangeru kuwa sai duwatsun su ja baya, ƙasa ta zama rairayi, ta shimfiɗe, ta yi ta gangarawa zuwa ga fadamu. Idan aka tambayi manomin wannan yanki inda arzikin ƙasarsa yake, babu shakka fadama zai nuna, inda shinkafa da albasa da sauran kayan lambu suke fitowa su cika kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Tudu da dutse kuwa, a wurin mutane da yawa, wuri ne kawai na saran itace da fasa tsakuwa, yanzu kuma ga shi ya zama maɓoyar miyagu.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, wannan kallo da ake yi wa tudu kuskure ne mai tsada. Ruwan da fadama take sha daga tudu yake zuwa, kuma ragowar namun dajin da ƙasar ta mallaka a tsakanin duwatsu suka fake. Al'ummar da ta bari aka aske tuddanta, fadamarta ce za ta biya bashin.

Yadda ƙasar take

Arewacin Zamfara yana kan iyakar ƙasa iri biyu. Ta kudu da gabas, wato wajen Ƙaura Namoda da Zurmi, akwai tsohon dutse mai tauri wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa sun haura miliyan 500. Wannan dutse ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage ko ya ruɓe, shi ya sa haƙa rijiya a irin wannan wuri yake da wuya. Ta arewa da yamma kuwa, wajen Shinkafi da Isa, tsohon dutsen ya nutse ƙarƙashin shimfiɗun yashi da tsakuwa da yumɓu, waɗanda masana ilmin ƙasa suka laƙaba wa sunan Gundumi. Wannan shimfiɗa tana tsotse ruwa ta adana shi a cikinta.

Koguna biyu ne suka haɗa waɗannan sassa. Gagare ya biyo ta Ƙaura Namoda, Bunsuru ya biyo ta ƙasar Zurmi, suka gamu a shiyyar Shinkafi da Isa suka zama gulbin Rima. Daga baya gulbin Maraɗi ya faɗo masa, ya wuce ta Goronyo da Sakkwato, har ya kai ga kogin Kwara. Ke nan ɗigon ruwan da ya faɗi kan wani fa a ƙasar Zurmi, shi ne gobe zai jiƙa shinkafa a fadamar Shinkafi, ko ya shiga famfo a birnin Sakkwato.

Wannan ƙasa ta san daji sosai a da. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya ratsa ta a 1853, ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa, sa'an nan ya shiga dajin Gundumi, inda ayarinsu ya yi tafiyar sa'o'i 26 ba zango saboda tsoron hari da rashin ruwa. A zamanin Turawa aka keɓe babban dajin da ke ƙasar Zurmi da kewaye, wanda ya jingina da dajin Rugu na Katsina, aka hana noma a cikinsa sai a 'yan ƙauyukan da aka tarar, irin su Dumburum da Shamushalle. A 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. Waɗanda suka shata waɗannan iyakoki sun san cewa akwai ƙasar da amfaninta yana cikin barinta da rigarta.

Aikin da tudu yake yi

Damina a wannan yanki gajeriya ce, wata huɗu ko abin da ya yi kusa da haka, kuma ruwan yakan zo ne da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Babban ɗigon ruwan sama yana iso ƙasa da gudun da ya kai mita 9 a daƙiƙa guda. Idan ya faɗi kan ganye ko ciyawa, ƙarfinsa ya karye, sai ya silale a hankali ya bi saiwoyi da ramukan gara da na tana ya shige ƙasa. Wannan ruwa da ya shige shi ne yake tafiya sannu a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe rijiyoyi, ya sa a tona yashin kogi da rani a sami ruwa.

Idan kuwa ɗigon ya faɗi kan ƙasa tsirara, sai ya farfasa ta, ƙurar da ta tashi ta toshe 'yan kafofin da ruwa yake bi, fuskar ƙasa ta daskare ta zama faƙo. Daga nan ruwa ba shi da hanya sai gangara. Yana gangarawa yana kwasar ƙasa, ya fara da 'yar kwata, ta zama kwazazzabo, kwazazzabo ya ci gona ya ci hanya. Abin da ya kwaso kuma ba ɓacewa yake yi ba, a cikin kogi da fadama yake zube shi. Kogin da yashi ya cike ba ya iya ɗaukar ruwan da ya saba ɗauka, saboda haka sai ambaliya da damina, sai kuma ƙafewa da wuri da rani. Tabon da ya wuce gaba yana kwantawa a madatsun ruwa irin na Goronyo, wanda aka kammala a 1984 domin ya riƙe ruwa mita miliyan 942 ma'aunin murabba'i mai zurfi, yana rage masa ciki shekara bayan shekara. Abin baƙin ciki shi ne, ƙasar noma mai kaurin santimita ɗaya takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta samu daga ruɓewar dutse, amma ruwan dare ɗaya yana iya tafiya da ita.

Darasi daga tuddan wasu ƙasashe

A Sukotlan da arewacin Ingila akwai tuddai masu faɗi, masu sanyi da yawan ruwa, inda mutum zai yi tafiyar yini bai ga bishiya ba, sai gajerun tsirrai da gansakuka. Saboda sanyi da jiƙewar ƙasa, tsiron da ya mutu a can ba ya ruɓewa duka, sai ya taru ya zama wata baƙar ƙasa mai kama da soso, wadda kaurinta yake ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara. Mafi yawan ruwan shan mutanen Birtaniya daga irin waɗannan tuddai yake fitowa. Abu biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe game da su. Na farko, bincike ya nuna cewa da yawansu dazuzzuka ne a da, sara da ƙuna da kiwo na dubban shekaru ne suka mayar da su fili, kuma har yau dajin bai dawo da kansa ba. Na biyu, inda aka haƙa magudanai a ƙarnin da ya wuce domin a busar da su, yanzu kuɗi masu yawa ake kashewa ana toshe magudanan, domin an gane cewa tudun da ya riƙe ruwa shi ne yake tsare garuruwan gangare daga ambaliya.

Nijeriya ma tana da tuddai masu sanyi. Akwai tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da ƙololuwar Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wadda ta fi kowane wuri tsawo a ƙasar, da kuma tsaunin Jos. Dalilin sanyinsu shi ne, duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Tuddan Zamfara ba su kai wannan tsawo ba, ba su da wannan sanyi, amma doka ɗaya ce take aiki a kansu duka: abin da aka yi wa kan tudu, mutanen gindinsa ne suke girbarsa.

Mazauna dutse

Wanda ya hango dutse daga nesa zai zaci ba kowa a kansa. Masana kuwa suna kallon kowane dutse a matsayin tsibiri, domin yanayinsa ya bambanta da na filin da ya kewaye shi. Fuskar fa tana yin zafin da ba a iya taka ta da rana, amma cikin tsaguwa akwai inuwa da laima, kuma wutar daji ba ta cika kai wa can ba. Ruwan da ya zubo daga kan fa yana taruwa a gindinsa, shi ya sa itatuwan gindin dutse sukan fi na fili girma da duhuwa.

Daga cikin itatuwan da suka saba da tsandauri akwai hano, mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙamshi, wanda ɗan'uwan itacen lubban ne. Sunansa na kimiyya, Boswellia dalzielii, an ɗauko shi ne daga sunan likita J. M. Dalziel, wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Akwai kukkuki da dashi, waɗanda suke zubar da ganye da wuri su tsimi ruwa a jikinsu, akwai geza a kan marmara, akwai kuma dangin ɓaure da suke cusa saiwa cikin tsaguwa har su raba dutse biyu. Waɗannan su ne suke fara aikin mayar da dutse ƙasa.

A cikin dabbobi babu wanda ya kai rema sabo da dutse. Ganinta kamar babban ɓera mara wutsiya, amma binciken ƙashi da na ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa danginta na kusa su ne giwa da ayu. Tafin ƙafarta yana da taushi da danshi, abin da yake ba ta damar hawan fa mai santsi. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, don haka da safe takan fito ta sha hantsi, ɗaya tana gadi, da ta hangi shaho sai ta yi ƙara kowa ya faɗa rami. Tana ɗaukar ciki wata bakwai zuwa takwas, wanda yake da tsawo ƙwarai ga dabba mai wannan girma, kuma wannan ne ya sa idan mafarauta suka ƙarar da ita a dutse guda, dawowarta takan yi wuya. Tare da ita a duwatsun Arewa ake samun kazar dutse da beguwa da damo da mesa da jan biri, da jemagu a cikin koguna. Kowannensu yana da aiki: jemage da biri suna yaɗa irin itatuwa, mesa da mujiya suna rage ɓerayen da suke ɓarnar hatsi.

Sai kuma maiki, wanda mutanen Kwatarkwashi suka shahara da al'adar kamunsa a kan dutsensu. Wannan tsuntsu a jikin dutse mai tsayi yake sheƙa, ƙwai ɗaya tak yake yi a shekara, kuma shi ne ya riƙe kambin tashi sama a cikin tsuntsaye, domin a 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya a sararin Abijan a tsawon mita 11,300. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya shi, tare da ungulun da aka saba gani a mahauta, cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa. Guba da farauta domin sayar da sassan jikinsu su ne manyan dalilai. Kada a ɗauka wannan ƙaramin rashi ne. A Indiya, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar tun daga shekarun 1990, kafin a hana amfani da shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi.

Har yanzu ma ba a gama sanin abin da duwatsun Arewa suka ƙunsa ba. A 1998 ne kawai masana suka bayyana wani ɗan tsuntsu ja mai zama cikin duwatsun Jos a matsayin jinsin da kimiyya ba ta san da shi ba. Duwatsun Zamfara ba su sami ko kusa da irin binciken da aka yi wa na Jos ba.

Hujjojin masu ganin a share

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Hujja ta farko, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce ta tsaro. Fiye da shekara goma ke nan mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda suna fama da 'yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzuka. An kashe mutane, an sace waɗansu, ƙauyuka sun tashi, gonaki sun zama saura. Wanda aka kashe wa ɗa, ko ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa, idan ya ce a sare dajin a ƙone shi, ba za a ce masa bai san zafi ba. Rayuwar mutum tana gaba da ta kowace dabba.

Sai dai tambayar ita ce, shin saran dajin zai kawo tsaron? Dajin nan yana nan, ya ma fi haka duhu, a shekarun da fatake da makiyaya suke ratsa shi lafiya. Abin da ya sauya shi ne hukuma ta janye ƙafarta daga cikinsa, ma'aikatan gandun daji suka ƙaranta, makamai suka yawaita, aka yanka burtali da makiyaya aka mayar gonaki, rikicin manoma da makiyaya ya rasa mai sasantawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Maganin tsagewar bango shi ne a liƙe ta. Wanda ya rushe bangon kuwa ya kori ƙadangare, amma ya kwana a waje. Ɗan bindiga yana da babur, in an share wannan daji zai koma wancan, amma mutanen gari ba su da inda za su kai fadamarsu in yashi ya binne ta.

Hujja ta biyu ita ce ta yawan jama'a da ƙarancin gona. Gaskiya ne baki ya ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Amma ƙasar gangaren tudu siririya ce, shekara biyu ko uku za ta yi amfani sa'an nan ruwa ya wanke ta, a bar ta ga tafasa da tumfafiya. An yi asarar makiyaya, ba a sami gona ba.

Hujja ta uku ita ce ta abin masarufi: itacen girki, da gawayi, da tsakuwar gini, da ma'adinai. Waɗannan buƙatu ne na gaske, kuma ba wanda zai ce a daina gini ko girki. Abin da ake nema shi ne tsari, a san dutsen da za a fasa da wanda za a bari, a san itacen da za a sassabe da wanda ba a taɓawa. Jihar Zamfara ta riga ta ga abin da haƙar ma'adinai ba tsari take jawowa. A 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum.

Abin da ya kamata a yi

Ba sai an je nesa neman misali ba. A ƙasar Maraɗi, maƙwabciyar wannan yanki ta arewa, bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonaki sun zama fili fetal. Tun daga 1983 aka fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututture, su zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi su bar su, su sassabe sauran. Ana kiran dabarar sassabin zamani. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙasa, itacen yakan girma da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Jamhuriyar Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi ta Zamfara ƙarancin ruwa, harshe ɗaya ne, itatuwan ma kusan iri ɗaya ne.

Saboda haka, abu na farko, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sake shata iyakokin dazuzzuka da burtali, su dakatar da rabon gonaki a kan gangaren tuddai da bakin ƙoramu, kuma duk shirin maido da tsaro ya haɗa da maido da ma'aikatan gandun daji. Na biyu, sarakuna da hakimai, waɗanda a da su ne masu hana saran itatuwa masu amfani, su farfaɗo da wannan iko, su sa baki a hana cinikin sassan ungulu da maiki a kasuwanni. Na uku, manoman da gonakinsu suke kan gangare su jera duwatsu a gicciye, su dasa gamba a kan iyaka, domin ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa.

Na huɗu ya shafi makarantu kai tsaye. Babu malamin da ya kamata ya kai ɗalibai daji a halin da ake ciki, amma akwai aikin da za a yi a cikin gari. Ana iya cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa ɗaya tsirara, a jingine su, a zuba musu ruwa daidai wa daida, a tari abin da ya gangaro a kwalba a gwada. Wanda ya ga bambancin launin ruwan nan da idonsa ba zai manta da darasin zaizayar ƙasa ba. Ana iya kafa ma'aunin ruwan sama a farfajiyar makaranta a riƙa rubutawa kullum. Haka kuma kowane ɗalibi yana iya zama da kakansa, ko wani tsohon maharbi ko makiyayi, ya rubuta sunayen dabbobi da itatuwan da suka sani a ƙuruciyarsu, da inda suke ganinsu, da lokacin da suka daina ganinsu. Idan makarantun Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda suka tara irin wannan bayani, za a sami kundin da babu irinsa a kowace jami'a, kuma da shi za a san abin da za a maido in zaman lafiya ya samu.

Kammalawa

Rikicin da ake ciki zai wuce, da yardar Allah, kamar yadda waɗanda suka gabace shi suka wuce. Ranar da mutane za su koma ƙauyukansu, abin da za su fara nema shi ne rijiya mai ruwa, da gona mai ƙasa, da makiyayar da za ta raba shanu da amfanin gona. Duk waɗannan suna rataye ne a kan abin da aka bari a tsaye bisa tudu a yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaliban da suke aji yanzu su ne za su zama malaman gona da ma'aikatan daji da shugabannin ƙananan hukumomi na wannan yanki, kuma ya dace su fita makaranta da sanin cewa kare fadamar Shinkafi yana farawa ne daga duwatsun Zurmi da tuddan Ƙaura Namoda.